Belin Laila

"Aska ba ta taɓa mini ɗiya, Latifu. In ko ta taɓa ta, ka maishe ni gidanmu Garu, mun gama..."

Latifu ya tsaya bakin ƙofa da zabirar wanzanci a kafaɗa. Matarsa Samiha ce fa, wadda kunyar 'yar fari ba ta barinta ko ambaton sunan yarinyar a gaban mutane, yau take cewa "ɗiyata" har maƙwabta na ji.

"Hasken idona, yi a hankali, Baba na tsakar gida."

"Shi ji."

Laila, 'yar tasu, wata biyar gare ta, amma in ka ɗauke ta sai ka rantse ba ta kai uku ba. Da ta kama nono sai ta ƙware, tari ya turnuƙe ta, nonon ya dawo ta hanci. Sau biyu ciwon ƙirji yana kwantar da ita. Bakwaini aka haife ta, shi ya sa aka ɗaga cire mata beli, ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen baki. Yanzu Baba Hambali, mahaifin Latifu, ya ce abin ya isa haka.

Shi kuwa Baba Hambali ba wanzamin wasa ba ne. Rabin 'ya'yan Malanville ta hannunsa suka bi, har daga Gaya, can hayin kogi, ana ƙetaro gada a kawo masa jarirai. A ce jikarsa ce kaɗai ke yawo da beli, tana ƙwarewa, kuma a gidansa? Ai abin faɗa ne a kasuwa.

"Likita sun ce mu tahi asibitin Paraku," in ji Samiha. "Akwai lokotoro, babban likita, da ka leƙa maƙogwaron jinjiri da na'ura, shi ga inda nono ka bi. Mi za ya hana mu gani kahin a yanka?"

Latifu yana son matar nan, so irin wanda abokansa ke masa tsiya a kai. Yana kuma tsoron ɓacin ran tsohon da ya koya masa riƙon aska. Ya fita ya durƙusa gabansa.

"Baba, ba wanda ya san maƙogwaro kamar kai. Mu tahi tare, ka gani da idonka. In beli na, ni da kaina zan riƙe maka ita."

Tsohon ya daɗe yana shafa gemu. "Ka dai ji abin da ka hwaɗi."

Samiha ma ta ji. Tun daga tashar Malanville har Paraku ba ta ce wa Latifu uffan ba. Ya sayo mata gasasshiyar masara a Kandi, ya ajiye mata a cinya, ta kau da kai. Wannan shirun ya fi masa zagi ciwo.

A asibiti, likitar mace ce, mai fara'a. Ta sa Samiha ta koma bayan labule ta tatso nono a kofi, aka ɗiga masa launi kore. Sai ta ɗauko wani siririn tiyo mai fitila a baki, ta zura shi a hankali ta hancin Laila. Yarinyar ta tsala kuka, Samiha ta ƙanƙame ta tana hawaye. Latifu ya dafa kafaɗarta. Ba ta ture hannun ba.

Hoton ya fito a talabijin, jajur, yana motsi.

Baba Hambali ya matso har hularsa ta kusa taɓa gilashin. Duk rayuwarsa da ɗan kara yake danne harshe yana leƙe, bai taɓa ganin wurin nan ta sama ba.

Aka ba Laila nonon. Likitar ta nuna da yatsa, wani ma'aikaci yana fassarawa: ga hanyar abinci, ga ta iska, ga murfin da ya kamata ya rufe ta. Murfin bai yi ƙwari ba tukuna, yana makara. Kowa ya ga koren nonon ya sulale inda bai kamata ba, sai ga tarin.

"A maido ni baya," in ji tsohon. "Ina son ganin belin."

Aka ja tiyon kaɗan. Ya ƙura ido.

"Wanga beli ba shi da laihi," ya ce a hankali. Ya juya wajen mai fassara. "Tambaye ta, da na yanka, jinin ina za shi?"

Likitar ta sake nuna hanyar iska.

Baba Hambali ya dubi surukarsa, abin da bai saba yi ba.

"Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Taurin kanki ya yi rana."

Samiha ta rufe fuska da mayafi, ta fashe da kuka.

Aka koya mata yadda za ta zaunar da yarinyar a miƙe, ta shayar da ita kaɗan-kaɗan tana hutawa, da irin kaurin da za a yi wa kununta nan gaba. Aka ce su dawo a sake dubawa, murfin zai yi ƙarfi in ta girma.

A motar komawa, Baba Hambali ya kama kujerar gaba ya hana kowa sakat. Har direba sai da ya ji labarin maƙogwaron jikarsa, da yadda shi Hambali ya duba belin da kansa ya wanke shi tas. Latifu ya ji kansa ya yi girma, da ubansa da matarsa duka.

Laila ta sha nono, ta yi barci ba tari. Samiha ta jingina da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Masoyi, gaya min gaskiya... da beli na, da ka riƙe ta?"

"Da na riƙe ta mana," ya ce. "Riƙo mai kyau. In ruga da ita, in ƙetare gada, sai Gaya."

"Ni hwa?"

"Ke ad da nono. Ina za mu ba ke?"

Ta kai masa ɗan duka a cinya tana dariya da hawaye. Sannan ta buɗe jakarta ta ciro masarar Kandi da ta riga ta huce, ta karya biyu, ta miƙa masa babban ɓarin.