Hatimin da Ya Rusuna

Shekara biyu ke nan da hukumar garinmu, Numagiri, ta karye. Aka rufe ɗakin karatu, aka daina share dusar ƙanƙara a tituna, muka ɗauki shebur da kanmu. Fanshon tsofaffin ma'aikata ɗari huɗu kaɗai ya tsira, don ƙungiyarsu ta kafe.

Ranar Talata sai ga takarda a kotu, wai ƙungiya ta yarda a zaftare rabin fanshon, da jan hatiminta kusa da na magajin gari. Juma'a alƙali zai tabbatar.

Shugabar ƙungiyar, Otsuki, tsohuwar nas, ta je wurin Insfekta Kuramochi. 'Yan ƙungiyarta sun daina amsa gaisuwarta, amma ko hawaye ba ta yi ba. Ta ce an ɗauki hatimin ranar Litinin, an buga, an mayar.

Insfekta ya duba akwatin ƙarfen da ake ajiye hatimin a ciki. Ba a ɓalle shi ba. Makulli biyu ne, nata da na sakatare Hirabayashi, wanda ya yi shekara talatin yana akawu a ofishin magajin gari.

Hirabayashi ya rusuna sau uku kafin ya zauna. Ya ce ranar Litinin ya bi bas zuwa asibitin birni. Ya ƙara da cewa tsufa kan sa mace mantuwa, abin tausayi.

Insfekta ya ce, "Wace bas, Hirabayashi? Tun da gari ya karye, Laraba kaɗai take zuwa."

Ya ce to, wataƙila ya rikita ranakun.

Insfekta ya koma kan tsofaffin takardun ƙungiya. A ofisoshinmu, ƙaramin ma'aikaci kan karkata hatiminsa hagu kaɗan, kamar yana gaida na maigidansa. Na Otsuki duk a miƙe suke kamar sanda. Na takardar kotu kuwa a sunkuye yake.

"Hatimina bai taɓa durƙusa wa kowa ba," in ji Otsuki. "Balle wa wancan magajin garin."

Insfekta ya rubuta bayanin Hirabayashi, ya buga nasa hatimin, ya ce shi ma ya buga nasa a gefe. Hannun bai ko yi shawara da mai shi ba. Hatimin ya karkata.

Aka jera takardun biyu a gaban Hirabayashi. Ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"An yi mini alkawarin ba za a taɓa nawa fanshon ba," ya ce.

"Waye?"

Ya faɗi sunan mataimakin magajin gari, har da girmamawa.

Da aka sa masa ankwa, sai da ya rusuna wa ɗan sandan. Otsuki tana tsaye a bakin ƙofa.

"Ku riƙe shi da kyau, Insfekta. Shekara talatin bai miƙe ba, kada ya faɗi."

Ranar Juma'a alƙali ya yi watsi da takardar. Otsuki ta rubuta sabuwar takarda ta ƙin amincewa, ta danna hatimi a miƙe, har tawada ta huda zuwa bayan takarda.