Wake Goma Daga Bakin Buhu

A wani gari an yi wani saurayi da ya dawo daga jami'a bayan shekara huɗu. Ya tarar rijiya ta ƙafe, idon kakarsa ya dushe.

Ta ce, "Maigida, duba min irin waken nan. In ruɓaɓɓe muka shuka, damina ta wuce mu."

Ya ɗebi goma daga bakin buhu. "Goma cikin goma lafiya lau, tsohuwa."

"Na ƙasa fa? A bokon naku ba a ƙirga su?"

Ya zazzage buhun, ya cakuɗa, ya ɗebi goma: ƙwari sun huda bakwai. Ya sake cakuɗawa, ya ɗebi goma: shida.

Sai da ya sayo mata sabon iri, sannan ya fara ɗaure kayan komawa birni.