Shekarar Da Aka Sa Wa Aji Sunan Gastineau

A tsangayarmu ta koyon aikin lauya, duk shekara akan zaɓi tsohon ɗalibin da ya yi fice a karrama shi. Ba lambar yabo kaɗai ake rataya masa ba. Ajin da zai fita a shekarar ake sa wa sunansa, ya zama uban aji, su kuma su amsa sunan har ƙarshen rayuwarsu. Na tsufa ina koyarwa a nan, ina tafa wa wannan al'ada. Yanzu ko a titi na ji tafi sai in toshe kunnuwana.

Norbert Gastineau abokin karatuna ne, tare muka ci busasshen burodi da cuku a ɗakin haya ɗaya. Yana da ƙwaƙwalwa, haƙuri ne Allah bai ba shi ba. Da ya fara aiki, ofishinsa a saman shagon mahauci yake, ɓarayin keke yake karewa, su ma ɗin ɗaure su ake yi. Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji, bayan aikin gama ya gama.

A cikin fadamun yankin Berry na ƙasar Faransa akwai wani tsoho, Baptistin, wanda manoma ke nema idan nonon saniya ya ƙafe. A tsohon gidan niƙa yake zaune. Da rana tsaka Norbert ya shiga, amma ciki duhu ne, sai kyandir ɗin kitse guda mai wari. Bango duk makullai ne masu tsatsa a rataye, ba kwaɗo ko ɗaya. A tsakiya wani tsohon sikeli ke lilo, alhali ba iska.

"Lauya ne, ko?" in ji tsohon. "Daga takunka na gane. Kamar ku kuka shimfiɗa ƙasa."

"Baba, so nake in daina faɗuwa a kotu."

"To ka riƙa kare masu gaskiya mana."

"Masu gaskiya ba su da ko sisi."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Zan iya ɗauke hukunci daga kan mutum. Amma ɗaukewa kawai nake yi, yaro, ba na narkar da shi. Dole a sauke shi wani wuri."

"A ina?"

"Sani kake so ko nasara? Ɗaya zan ba ka."

Mutumin da aka koya wa kada ya sa hannu a abin da bai karanta ba, ko numfashi bai ja ba ya ce, "Nasara."

Baptistin ya karɓi baƙar rigarsa ta kotu ya ɗora a kwano ɗaya na sikelin. Ya yanka baƙar kaza a ɗayan, jini na ɗiga har kwanukan suka daidaita. Sannan ya ciro makulli daga bango, ya tsoma a jinin, ya ɗinke shi a gefen rigar. Bai karɓi ko sisi ba. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya ruga.

Daga nan Norbert bai sake faɗuwa ba. Shaidu su manta abin da suka gani, alƙalai su riƙa gyaɗa kai tun bai rufe baki ba. Ya koma Paris, ya sayi gida mai lambu, ya sayi gonar inabi. Mu kuwa muna aika ɗalibai su je su kalli yadda ake aiki.

Ranar da ya wanke wani attajiri da ya kashe abokin kasuwancinsa, ya dawo gida ya tarar da matarsa Maryse a ɗakin ajiyar tsintsiya, zaune a ƙasa.

"Maryse, me kike yi a nan?"

"Rufe ƙofar, Norbert. Lokacin fitata bai yi ba."

Likitoci suka yi iya yinsu. In an fito da ita sai ta yi ta ihu tana ƙwarzar fuskarta har a mayar da ita. Ta ƙasan ƙofa take karɓar abinci. A nan ta rame, a nan ta mutu. Ɗansu Florent ya bi sahu bayan wata shari'ar, shi kam bai jure ba, a rataye da igiyar labule aka same shi.

Norbert ya koma fadama a gigice. Tsohon ko ɗago kai bai yi ba.

"Yanzu kuma sanin kake so? To, ga shi kyauta. Duk mai amsa sunanka, a kansa ake saukewa."

"Warware min, Baba, don Allah!"

"Na taɓa ce maka na iya warwara?"

Norbert ya ƙona rigar, da safe ya gan ta a rataye. Ya yi shiru a gaban alƙali, aka sallami wanda yake karewa. Ya ce ya bar aiki, ƙafafunsa suka kai shi kotu da kansu. Saura 'yarsa guda, Capucine, ga kuma babbar shari'a na tafe, ta shugabannin wani kamfani da gubarsu ta kashe mutanen ƙauye.

A wannan shekarar tsangayarmu ta zaɓe shi uban aji. Ya zo ofishina ya kwashe komai ya faɗa min. Na ce ya ƙi karɓa.

"Ba zan ƙi ba," ya ce.

"Norbert, yaran nan sunanka za su amsa!"

"Na sani. Su da yawa ne, ita ita kaɗai ce. Wataƙila ya bi ta kansu ya bar min ita."

"'Ya'yan mutane ne, kai!"

"Da taka ce, Hilaire, me za ka yi?"

Wurin shugabar tsangaya na nufa. Ta saurare ni tana murmushi.

"Farfesa, kaza? Makulli? Kai da ke koyar da dokar shaida, ina shaidarka?"

"Matarsa da ɗansa, ranki ya daɗe."

"Mutum na cikin makoki, ka haɗa masa da ƙazafi? Yanzu na san kishi ba ya tsufa. Je ka huta."

Na roƙi ɗaliban kada su amsa. Suka ɗauka raha ce. Wata mai suna Ombeline, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ta ce, "Haba Farfesa, da sunan Gastineau a takardata wa zai hana ni aiki?"

Ranar bikin ina layin gaba. Shugaba ta yabi ƙwarewarsa da juriyarsa, aka rataya masa lamba. Sai ta juya ga ɗaliban ta yi tambayar da aka saba yi: "Ku ajin wa ne?" Suka miƙe da murya ɗaya: "Ajin Gastineau!" Na buɗe baki, tafi ya danne muryata. A rayuwata ban taɓa jin ni ba komai ba ne kamar ranar.

Aka yi shari'ar kamfanin, aka wanke shugabannin kaf. Capucine ce ta fara kulle kanta a ɗaki, don hukunci ba ya tsallake na kusa. Sannan wayata ta fara ruri. Wani ɗalibi ya kulle kansa a banɗakin jirgin ƙasa. Wani an same shi a rumbun giyar kakansa. Mahaifiyar Ombeline ta kira ni tana kuka, na je na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin wanki.

"Ombeline, ni ne. Fito."

"Farfesa," ta ce a hankali, "me na yi? Ba wanda ya gaya min laifina."

Na karanta doka duk rayuwata, amma ba dokar da za ta buɗe wannan ƙofar.

Jaridu sun ce cutar gajiyar karatu ce. Norbert kuwa lafiyarsa ƙalau. Gidan lambun ya zama kango, gonar ta mutu, amma kowace safiya ƙafafunsa na kai shi kotu, yana hawaye yana yin nasara. Yaran ajin da suka rage suna bin labaran shari'unsa, kowa na jiran ranarsa.

Kai mai gaggawar arziki, ka ji da kyau. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ba kai kaɗai wahalar za ta ci ba. In an ce za a ɗauke maka nauyi, tambayi kan wa za a ɗora shi. In aka ƙi faɗa maka, ka fita da talaucinka, ka gode wa Allah.