Shingen da Aka Cire

Ranar da ta fara aiki a kamfanin, ta tarar da shi ƙarƙashin tebur yana laluben waya, ƙafafunsa sun tare hanya.

"Malam, a ba mu wuri."

Ya ɗago a firgice ya gwara kai, ta kasa riƙe dariya. Tun ranar take kiransa Dogo, shi kuma yake kiranta Zumata.

Aikinsu rubuta direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar awon jini. Soyayya ta ƙullu tsakaninsu. Ana gab da kai gaisuwar neman aurenta, na'urar ta fara ba da sakamakon awon baya jefi-jefi. Shugaban sashe, wanda ta sha ƙin amsa tayin soyayyarsa, ya ɗora wa Dogo laifin. Aka dakatar da shi.

Babanta ya ce, "Wanda aka kora saboda sakaci zan ba 'yata?"

Dogo ya turo saƙo: "Zumata, ki bi maganar Baba. Ni na haƙura."

Ranta ya ɓaci. Ta mayar masa: "Ka haƙura? Ni ban haƙura ba. Kada ka sake rubuto min wannan."

Ta zauna ta bi aikin layi-layi. A ƙa'ida, sai kwamfuta ta karanta alamar na'ura cewa an gama awo, sannan ta ɗauki sakamako daga ma'adana. Amma kwamfuta mai gaggawa ce, in babu shinge, wato layin umarni da ke sa ta jira, tsakanin karatun biyu takan riga ɗauko tsohon abu. Dogo ya sa shingen, ita shaida ce. Yanzu an cire shingen.

A taron ma'aikata ta miƙe ta dubi shugaban sashe. "Ranka ya daɗe, ba kai ka yi mana alfaharin ka ƙara wa direban gudu ba? Me ka cire?"

"Layi ɗaya ne, ba ya komai..."

"Jinin mutane ne ba komai? Ka yi ɓarna, ka shafa wa wani kashin kaji!"

Aka mayar da layin, na'ura ta daidaita. Manajan kamfanin da kansa ya je ya ba Baba labari cewa Dogo ba shi da laifi.

Baba ya kira ta ya ce, "Ki ce ya turo magabatansa."

Ranar ɗaurin aure Dogo ya rubuto: "Amaryata, har yanzu fushin ake?"

"Saura kaɗan. Zo ka ba da haƙuri."

Da ya zo, Innarta ta dafa kansu. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."