Sunan Mai Rai

"Wa ya aike ka, Manolis? Ba Natan muka ce ba?"

Shifra ta janyo mijinta cikin kicin ɗin majami'arsu ta Yahudawa a birnin Melbourne, ta tura ƙofa da ƙafa. Kwananta takwas da haihuwa, da ƙyar take tsayuwa. Yanzu aka gama yi wa ɗansu kaciya. Da Rabbi, limaminsu, ya tambayi uban yaro suna, sai Manolis ya ce Zelig. Sunan mahaifinta ke nan, wanda jaririn ke kan cinyarsa a lokacin. Tsohon ya miƙa yaron, ya fita.

"Rabin raina, girmama shi na yi..."

"Girmamawa? Mu ba ma sa wa yaro sunan mai rai! Sai wanda ya mutu!"

Manolis ya dafa bango. Shekara biyu ya yi yana karatu kafin ya karɓi addinin Yahudawa, ya haddace addu'o'i, ya bar naman alade. Wannan kam ba ta cikin littafi, kuma babu wanda ya gaya masa. Halin mutane ke nan: su buɗe wa baƙo ƙofa, su ɓoye masa ramin da ke tsakar gida, in ya faɗa su ce ba shi da tarbiyya.

"A wurinmu Girkawa, ɗan fari sunan kakansa na wajen uba yake ci, kakan yana raye yana ji," in ji shi a hankali. "Jiya na je na roƙi babana ya bar wa naki. Ya yi kuka, Shifra... amma ya bari."

Duk faɗan da ke bakinta ya tsere. Shekara huɗu mahaifinta yana kiran mijinta "wancan Bagirken". Sai da cikin nan ya tsufa ya fara amsa gaisuwarsa. Yau in ya bar harabar nan da fushi, ta san ba zai ƙara taka gidansu ba.

Ta karɓi jaririn, ta fita. Manolis ya biyo ta.

Suka sami tsohon kan benci a gindin bishiyar lemo.

"Baba, bai sani ba..."

"Ke, yi min shiru. Kai, Bagirke, ka ƙagu in mutu ne?"

"Allah ya kiyaye, Baba!"

"To ni ban damu ba, na ci tamanin da ɗaya." Ya nuna jaririn. "Uwata ta ce in mala'ikan mutuwa ya zo ɗaukar tsoho, ya tarar da masu suna ɗaya su biyu, yakan ɗauki ƙaramin. Ba kaina nake ji ba, sakarai. Yaron nake ji!"

Manolis ya durƙusa. "A canza, Baba. Yanzu zan gaya wa Rabbi."

"Babansa ya bar maka nasa haƙƙin," in ji Shifra, hawaye na zuba. "Yana ciki ya sa hular aro, ko kalma ɗaya ba ya ganewa, amma duk inda aka ce amin sai ya ce."

Zelig ya dubi jaririn. Shi kansa sunan baffansa da aka kashe a Turai yake ɗauke da shi. Duk danginsu haka ne, kowa da mamacinsa. Ba a taɓa duban mutum yana numfashi an ce ya isa a gaje shi ba.

"Ba ni shi."

Ya kwantar da jaririn a ƙirjinsa, farin gemunsa ya rufe ɗan kan.

"Ba za a canza ba. Amma da sharaɗi: ku share min ɗakin da ke kusa da ƙofarku. In mai ɗaukar rai ya zo neman Zelig, ni zai fara tararwa."

"Baba, da mu za ka zauna?"

"Da takwarana zan zauna, ku kuwa oho." Ya miƙa wa Manolis hannu. "Tashe ni, ɗana. Mu je in gaida babanka kafin 'yan majami'ar nan su cinye kifin walimar."