Rabi Ko Guda?

Ranar Asabar ce, babu makaranta. Auta tana kwance a falo, tana wasa da wayar yayanta. Umma ta fito da jaka a kafaɗa, tana sauri za ta shagon ɗinkin da take aiki.

"Auta, maganin Kaka yana kan tebur. Idan ta ci abincin rana, ki ba ta farar ƙwaya guda, ja kuma rabi. Kin ji?"

"Na ji, Umma," in ji Auta, idonta yana kan waya.

"Me na ce?"

"Maganin Kaka, bayan abinci. Na ji mana."

Umma ta riga ta makara, sai ta fita.

Da rana Kaka ta gama cin abinci. Auta ta tsaya gaban tebur, ta buɗe kwalabe biyu. Wace ce rabi, wace ce guda? Ta duba jikin kwalaben, amma rubutun kamar tonon kaji. Ta kira Umma sau uku, ba a ɗauka ba.

"Ƙawata, ina maganin?" in ji Kaka daga ɗaki. "Ko kin shanye ne?"

Kaka ba ta gani sosai, abin da aka miƙa mata shi take sha. Auta ta ji kunyar cewa ta manta. Ta ce a ranta, "Ja ce guda, ina jin haka ne." Ta raba farar, ta haɗa da jar guda, ta kai wa Kaka.

Ba a yi awa ɗaya ba, Kaka ta tashi za ta banɗaki. Sai ta dafa bango, ta zame ta zauna a ƙasa. Gumi ya keto mata.

"Ƙawata, ɗakin nan juyawa yake yi," ta ce a hankali.

Auta ta zabura. Ta kwashi kwalaben, ta fita da gudu ko takalmi babu. A bakin layinsu akwai wani dattijo mai kyamis.

"Baba, ka taimaka, Kaka ta faɗi."

"Me ta sha?"

Auta ta miƙa masa kwalaben, ta kau da kai.

"'Yata, faɗi gaskiya. Ba lokacin ɓoye-ɓoye ba ne."

"Na ba ta jar guda. Na manta abin da Umma ta ce."

Mai kyamis ya rufe shago, suka tafi tare. Ya kwantar da Kaka, ya ɗora ƙafafunta a kan matashi. Ya auna jininta, ya ce ya sauka sosai. Ya kira likita a waya. Likita ya ce a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, a riƙa aunawa. Idan bai hau ba, a kawo ta asibiti.

Umma ta ga kiran, ta dawo a gigice. Ta wuce kai tsaye wurin Kaka. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, tana kallon hannun Kaka.

An auna sau biyu, babu canji. A na uku mai kyamis ya yi ajiyar zuciya.

"Ya fara hawa. Ta tsallake."

Auta ta fashe da kuka. "Umma, ki yafe mini. Kaina ne ba ya riƙe komai."

"Kanki lafiya lau," in ji mai kyamis. "Abin da bai shiga ba, ta ina zai zauna? Idan ana miki magana, ki ajiye abin da ke hannunki, ki dubi mai maganar. Sannan ki maimaita da bakinki. Fara guda, ja rabi. Faɗi."

"Fara guda, ja rabi."

"To, ki yi masa hoto a ranki. Farar kamar ƙwai ce, guda ake dafa shi. Jar kuma tumatir ne da aka yanka biyu. Haka nake riƙe sunayen magungunan shagona."

Umma ta jawo Auta jikinta. "Abu mai muhimmanci kuma a rubuta shi. Idan kin manta, ki tambaya. Matambayi ba ya ɓata."

Auta ta samo takarda, ta zana ƙwai da rabin tumatir, ta liƙa a bango.

"Ashe miya za ki yi da ni," in ji Kaka. Kowa ya yi dariya.

Tun daga ranar Auta ta canza. A aji tana duban malama, tana maimaita darasi a hanyar gida. Da wata ƙawarta ta tambaye ta sirrin daina mantuwarta, sai ta ce, "Tunawa koyonta ake yi. Ki saurara da kyau, ki maimaita, ki rubuta. Abin da kika manta kuma, kada ki yi caca da shi, ki tambaya."