Jif Ɗin Da Ke Zafi Ran Laraba

Sufeto mijina ne, bara ya rasu. Shekara ashirin da shida yana dawo mini da labarin aiki, tun yana cire takalmi a bakin ƙofa yake farawa. Da yawa sun shige mini. Wannan kam na riƙe shi, don har da jan farcena a ciki.

Wata Laraba da hantsi wata tsohuwar jif ta iso ƙofar harabar caji ofis, ruwa na ɗiga a ƙarƙashinta. Direban ya danna hon don a buɗe masa ƙofa, har Kofur da ke kanta ya zabura.

Mutum uku suka fito. Akwai Hajiya, mai babban shagon magani da ke kai wa ƙananan asibitoci kaya. Akwai ƙanin mijinta, wanda kowa ke kira Mai Sito don shi ke riƙe da ɗakin ajiya. Na ukun wani dattijo ne da hularsa a hannu, Baba Direba.

"Sufeto, sata ake mini," in ji Hajiya. "Sau huɗu ke nan. Kwali ya bar sito a cike, a je asibiti a buɗe a tarar an zare rabi an mayar da salatif. Yau a gabana aka buɗe, don na riga su zuwa."

"Wa ke kai kayan?"

"Baba ke tuƙi, ƙanin maigidana na rakiya. Duk Laraba."

"A ina ake tsayawa a hanya?"

Mai Sito ya karɓe. "Ranka ya daɗe, motar ce ke zafi a cunkoson bakin kasuwa. Sai in ɗauki jarka in tafi neman ruwa, in bar Baba da kaya. Abin da ke faruwa a bayana, Allah ne masani."

Sufeto ya juya ga dattijon. "Baba, haka ne?"

"Ban taɓa barin kaya ba, ɗana. Ko taku ɗaya."

"Kun ji da bakinsa," in ji Mai Sito.

Hajiya ta share ido da bakin mayafi. "Shekara goma sha tara yana tare da ni. Shi ya kai 'ya'yana makaranta. Amma me zan ce?"

Aka rubuta bayani, aka sa Baba bayan kanta. Bai yi gardama ba. Roƙonsa ɗaya, kada a gaya wa iyalinsa tukuna, don matarsa na da hawan jini. In har aka kai shi kotu da sunan ɓarawon magani, aikinsa ya tafi, kuma babu mai sake ba shi makullin mota a wannan shekarun.

Sufeto ya ce a bar jif ɗin a harabar, ya sa makullin a aljihunsa.

Garejin da ake kai motar yana bayan tasha. Makaniken wani gajere ne mai ƙaton ciki da ake ce wa Sufana. Da ya ga kaki ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu.

"Jif ɗin Hajiya? Wannan ai aljanu gare ta, Oga."

"Me ka yi mata?"

"Me ban yi ba? Na wanke lagireto. Na canja murfinsa. Na canja famfon ruwa da tiyo. Na sa tamostat mai daidaita zafin inji, sabo dal."

"Sabo dal?"

Sufana ya sosa ƙeya. "To, na hannu ne. Amma mai kyau ne, Oga, na dafa shi a ruwan zafi na ga ya buɗe."

"Ba tamostat na zo kamawa ba. In an kawo maka ita, tana zafin?"

"Ko kusa! Sai in kunna ta awa guda a tsaye, fanka na juyawa lafiya lau, allurar zafi na tsakiya. Sati ya zagayo a ce ta tafasa a kasuwa. Har Baba na ce mini makaniken Alhamis."

"Kullum Alhamis ake kawo ta?"

"Washegarin da ta yi abin nata."

"Gaya mini. Motar da ba ta zafi a kan titi tana gudu, sai ta shiga cunkoso, me ke damunta?"

"Fanka ce ba ta tashi. In tana gudu iska na shiga da kanta. In ta tsaya, sai fanka. Amma na ce maka fankarta garau take."

"Ran Alhamis," in ji Sufeto.

Daga nan ya wuce bakin kasuwa. Motoci sun cushe kamar kullum. A gefen titi akwai wata rumfa da ke kulle, ƙasan gabanta duk tabon ruwan tsatsa. Can ciki, tafiyar minti biyar, akwai famfo, da wata mata da ke sayar da ruwa.

"Inna, wa ke zuwa da jarka ran Laraba daga wata jif?"

"Tsohon nan mai gaisuwa kamar ba za ta ƙare ba? Yau ma ya zo. Sai na ce masa, Baba, ba ka da wanda zai ɗauko maka ne? Ya ce ɗan'uwan mai kayan ne, ba ya iya aikensa."

Sufeto ya koma ofis, ya sa aka fito da Baba, ya ba shi kujera da ruwan sha.

"Baba, ka yi mini ƙarya. Mai famfo ta san ka."

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Dokar Hajiya ce, direba ba ya barin kaya. Tun ranar da ta ɗauke ni ta faɗa. Na ga in na ce ni ke tafiya, na karya doka, ta kore ni. Shi kuma da ya ce shi ke tafiya, na ɗauka rufa mini asiri yake."

"Rufa maka ƙofar kurkuku yake. Ba ka ajiye ruwa a mota?"

"Kullum nake cika jarka. Amma ranar da abin zai faru sai in tarar babu ko ɗigo. Na ce ko tsufa ne."

"Ban da zafin, me kuma motar ke yi?"

Baba ya yi ɗan murmushi, karo na farko. "Sai hon ɗinta. Ya fi wata biyar da mutuwa, da hannu nake buga ƙofar motar in mutane sun tare hanya. Amma wani lokaci sai ya farfaɗo ya yi kuka kamar sabo. Har na gane shi. In na danna da safe ya amsa, sai in ce yau akwai wahala."

Sufeto ya ajiye biro. "Sake faɗa."

"Ranar da hon ya yi, ranar take zafi."

Aka aika Kofur ya ɗauko Sufana a babur. Suka buɗe bonet, suka kunna injin, suka tsaya. Minti goma sha biyar allura ta wuce tsakiya tana hawa, fanka ko motsi.

"La'ilaha!" in ji Sufana. "Yau na gan ta da idona."

Ya buɗe akwatin fis da ke gefen batir. A ciki akwai wasu 'yan baƙaƙen abubuwa masu kusurwa huɗu, kamar kwalin ashana, waɗanda masu aikin wayar mota ke kira rile. Su ke ba wa fanka da hon wuta.

"Na fanka da na hon iri ɗaya ne, Oga. Bari ka gani." Ya zare su ya musanya. Nan take fanka ta tashi da ƙarfi. Kofur ya danna hon, shiru.

"Ɗaya ne matacce," in ji Sufana. "Wani ke kai shi gidan fanka da safe, ya mayar da shi gidan hon da yamma. In ya cire ya bar gurbin a buɗe, kowa zai gani. Wannan ya san waya, wallahi. Ni kuma ana ta zagina a banza."

"Mayar da su yadda muka same su. Kuma ka riƙe bakinka."

Da azahar Sufeto ya shigo gida, ko zama bai yi ba. Ya ɗauki kwalbar jan farcena a kan madubi ya sa aljihu. Da ya koma ofis, da ita ya ɗiga jan tabo a gindin mataccen rilen, ya mayar da shi gidan fanka.

Bayan la'asar Kofur ya tuƙa jif ɗin zuwa shagon Hajiya, Sufeto na gefensa. A ƙofar shagon Kofur ya danna hon, ya yi kuka, ma'aikata duk suka leƙo.

"Hajiya, ga motarki, harabarmu ta cika. Ƙarfe biyar mai gyaran wayar motocinmu zai zo ya bi ta waya ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan kada kowa ya taɓa ta." Ya dubi Mai Sito. "Kai ka san wani abu a kan mota?"

"Ni? Ko bonet ban iya buɗewa ba, ranka ya daɗe."

"Kai dai kunya ce da kai," in ji Hajiya. "Ba shekara biyu ka yi a wurin mai waya ba kafin yayanka ya kawo ka nan?"

"Yaya, wannan ai tun ina yaro, na manta."

Sufeto ya miƙa wa Hajiya makulli, suka fita. Ba su yi nisa ba, shayi suka zauna sha a kwanar layin. Da biyar saura kwata suka dawo.

Jif ɗin na bayan shago a jiƙe, an wanke ta tas.

"Wa ya karɓi makulli?"

"Ƙanin maigidana ne," in ji Hajiya. "Ya ce kada baƙo ya same ta da datti."

"Kofur, danna hon."

Kofur ya danna. Ya sake dannawa da hannu biyu. Babu ko ƙis.

Sufeto ya buɗe bonet, ya buɗe akwatin fis, ya zaro rilen hon ya juya gindinsa. Jan tabon yana nan.

"Hajiya, da hannuna na sa wannan a gidan fanka da azahar. Yanzu yana gidan hon. Mota ba ta musanya kayanta da kanta." Ya bayyana mata komai, daga rile har zuwa jarka da mai famfo.

Mai Sito ya ɓoye hannayensa a baya.

"Fito da su," in ji Sufeto. "Ruwan wanki ba ya sa baƙin mai a farce."

Mai Sito ya fito da hannayen, farcen duk baƙin mai. Sannan ya zauna a kan bokitin wanki. "Ni ne. Ni ke zubar da ruwan jarka. In Baba ya tafi, bonet a buɗe ya kare ni daga titi, sai in zare kayan in miƙa wa mai rumfar nan ta bakin kasuwa. Abokina ne, sauran na wurinsa." Ya ɗago. "Yaya, ki yafe mini. Na ɗauka korarsa kawai za ki yi, ban zaci zai kai ga 'yan sanda ba."

"Korarsa kawai?" in ji Hajiya. "Mutumin da yake tsayawa ya saya maka abin karyawa duk Laraba?"

Kofur ya sa masa ankwa, aka fita da shi ta gaban ma'aikatan da ya saba ba wa umarni.

Kafin magariba Hajiya da kanta ta je caji ofis. Ta durƙusa a gaban Baba Direba, shi kuma yana ta cewa, "Tashi, Hajiya, tashi, ai ni ma na yi ƙarya." Ta miƙa masa makullin. Sufana ya sa sabon rile bai karɓi ko sisi ba, ya ce shi dai a daina kiransa makaniken Alhamis. Baba ya isa gida a lokacin da ya saba, matarsa ba ta ji labarin ba sai daga bakinsa, yana dariya.

Kwalbar jan farcena ba ta dawo ba. Na yi ta tambaya, Sufeto na cewa ta shiga aikin gwamnati.

Sati biyu da rasuwarsa na ji hon a ƙofar gida. Baba ne, ya ƙara tsufa, da jif ɗin nan. Ya ce ya ji ina da zirga-zirgar takardu, kuma Hajiya ta ce motar tawa ce har in gama. Muka shiga cunkoson bakin kasuwa, muka fi rabin awa a tsaye. Baba ya nuna mini allura da yatsa.

"Duba, 'yata. Tun ranar ba ta sake wuce tsakiya ba."